Riƙon Raudatu

Idan ka bar kwalta a Ƙarfi ka bi hanyar da ta ratsa gonakin masara, kafin girgizar babur ta gajiyar da kai za ka isa Unguwar Maitama. Gidan farko da za ka tarar, mai durumi a ƙofa da turakun shanu a gindinsa, shi ne gidan Malam Sanda mai horar da shanun huɗa. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, kuma in ba ka san shi ba sai ka ɗauka fushi yake yi, don sai ya wuni bai yi maganar da ta cika kwano ba.

Malam Sanda bai taka ajin boko ba. A allo ya samu abin da zai yi sallah da shi, daga nan mahaifinsa ya danƙa masa igiyar hancin sa, lokacin da auduga take auduga a ƙasar nan. Tun daga ranar bai saki igiyar ba. Daga Bakori, daga Maska, har daga bayan Malumfashi mutane kan kawo masa maruƙansu ya koya musu karkiya da garma. Yadda yake aikinsa kuwa ya sha bamban da na sauran. Ba ya farawa da bulala, ba ya ma farawa da karkiya. Sai ya ɗaure sa a gindin durumi, ya jawo buzunsa ya zauna kusa da shi, yana ba shi dusa da kanwa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har sai san ya san muryarsa. Matarsa Tasalla, wadda Allah ya hore wa bakin da ya hana mijinta, takan ce, "Hirar da Malam ya yi da shanu a duniyar nan, da da ni ya yi ta, da tuni na zama malama."

A cikin duk shanun da suka bi ta hannunsa, akwai guda da ya riƙe wa kansa, wani farin bijimi mai karkataccen ƙaho da yake kira Bahago. A kasuwar Bakori ya saye shi, dillali ya rantse masa horarre ne. Da aka kai shi gona aka ɗora masa karkiya, sai ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Malam Sanda ya yi kira, ya yi lallashi, ya ja igiya, ko kunne bijimin bai kaɗa ba. Maƙwabtan gona suka taru suna dariya, wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce a kai wa mahauta tun kafin ya rame. Malam Sanda ya sauke karkiya ya ja bijiminsa gida. Washegari ya hau keke ya bi sawun wanda ya sayar, har ya same shi a wata ruga bayan Maska, wani dattijo mai suna Buba, wanda har yanzu Fulatanci ake yi a gidansa. Da Buba ya ji ƙarar, sai ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce, "To kai da wane baki ka yi masa magana?" Ya koya masa kalmar tafiya, da ta tsayawa, da ɗan fiton da ake yi in za a juya. Malam Sanda ya dawo yana maimaitawa a kan keke kada su zube masa a hanya. Yana faɗar ta farko Bahago ya ɗaga kunnuwa, ya sunkuyar da wuya, garma ta shiga ƙasa. Daga nan kullum in ya yi kiran Buba sai ya bi shi da nasa na Hausa, sannu a hankali, kafin damina ta ɗauke Bahago yana jin duka biyun.

To, wannan ke nan. Sai maganar iyali.

Ɗan farin Malam Sanda shi ne Mannir. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a nan: uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa zama hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane, ko da kuwa zuciya na ƙuna. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Amma magabata ba su bar yaro haka kara zube ba. Ana yaye Mannir kakarsa Iya Kulu ta aiko aka ɗauko shi, a ɗakinta ya tashi, ita ta yi masa tatsuniya, ita ya yi wa tsiwa, ita ta san ranar da haƙorinsa ya fita. Malam Sanda har yau bai taɓa furta sunan ɗansa ba. "Mutumin Funtuwa" yake ce masa, don can ya zauna yana gyaran babura tun da ya yi aure.

Da Allah ya ba Mannir da matarsa Zaituna 'yar fari aka sa mata Raudatu, Iya Kulu ta riga ta rasu, zamani kuma ya juya. Mannir ya ƙudura a ransa 'yarsa sai ta yi karatun da shi bai samu ba, saboda haka bai aiko da ita ƙauye ba. Ya sa ta wata makarantar kuɗi a cikin gari, inda daga bakin ƙofa ake ajiye Hausa kamar takalmi a ƙofar masallaci. Ya ɗinka mata riga, ya saya mata safa, kullum da safe ya ɗora ta a tankin babur ya kai ta. Amma a hanya ba ya ce mata komai, ita ma ba ta ce masa. In ta dawo, uwarta ta miƙa mata abinci tana kallon wani wuri. Wato dai sun riƙe rabin al'ada sun saki rabi: kunyar tana nan, kakar da za ta cike gurbin ba ta nan. Daga safe zuwa azahar yarinya na cikin harshen da ba ta ji, daga azahar zuwa barci ba mai tambayarta me ta ji.

Shekara biyu ana haka. Sai a wani hutu da ya faɗo lokacin girbin masara aka kawo ta Unguwar Maitama ta kwana biyu.

Tsakanin kaka da jika kuwa babu kunya, wasa ne zalla. Tana sauka Malam Sanda ya ce, "A'a, su Hajiya 'yan birni! Me aka kawo wa tsoho? Ko rowar Funtuwa aka kwaso?" Raudatu ta dube shi da manyan idanu, ta ɓuya bayan Tasalla. Ya tsokane ta da safe, ya tsokane ta da yamma, ko uhm ba ta ce ba. Sai ya bar ta, ya koma ga shanunsa.

Rannan da hantsi yana gyara karkiya, sai ya ji 'yar murya a bayan durumi. Raudatu ce tsugune gaban Bahago tana rera masa wata waƙar Turanci, tana kaɗa kai, tana nuna ƙafa da yatsa. Ya bari ta kai aya, sannan ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Hajiya, wannan sa bai ji ba, ni ma ban ji ba. Me waƙar take cewa?"

Can ta ce, "Haka ake cewa."

"Na ji haka ake cewa. Labarin mene ne a ciki?"

"Ban sani ba."

"To in kun gama sai a yi me?"

"Sai a tafa."

Malam Sanda ya ajiye karkiyar. Bai ƙara tambaya ba. Ya jawo ta ta riƙe masa ƙwaryar dusa, yana magana da sa, ita tana ji. Kwana kaɗan aka yi sai ga baki ya ɓalle kamar an buɗe madatsar ruwa. Ita ce ta gaya wa Tasalla inda zabuwar da ake nema take ɓoye ƙwai. Ita ce ta lura akuyar maƙwabta ta gano ramin da ke jikin danga. Wajen ɓarar masara ta tambayi kakanta me ya sa ake ware manyan zangarnu a rataye su a ɗakin girki, ya ce iri ne, hayaƙi ke hana ƙwari ci, sai ta ce, "To mu ma da Inna ke turnuƙe mu da hayaƙi ƙwari ba za su ci mu ba ke nan." Tasalla ta bi ta da muciya, Malam Sanda ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Ranar da Mannir ya zo ɗaukarta, ya durƙusa nesa kaɗan da buzun mahaifinsa, suka gaisa kowa na kallon ƙasa. Aka tambayi gari, aka tambayi aiki. Sannan Mannir ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, ya ce, "Baba, malaman can sun kira ni. Sun ce yarinyar nan kanta ba ya ɗauka. Tsararrakinta sun wuce, ita ko sunanta ba ta rubutawa. Na ga gara a bar ta a gida ta taya uwarta aiki, ƙaninta ya shiga a madadinta."

Malam Sanda ya juya ya dubi turakun shanu. Ba zai iya ce wa ɗan farinsa ka yi kuskure ba, ba zai ma iya kallon idonsa ba. Sai ya nuna Bahago da haɓa.

"Wannan san da ka gani, saura ƙiris mahauta su raba shi. Duk unguwar nan sun ce ba ya ja."

"Na tuna, Baba."

"Ashe yana ja. Bakinsa ne ba mu sani ba."

Mannir ya ci gaba da zanensa. Malam Sanda ya gyara zama ya ce, "Da Iya ta aiko a ɗauki nawa, ban ce uffan ba. Yau ni ma na aika. A bar mana yarinyar."

Wannan magana ba ta da amsa sai to. Mannir ya ce to. Amma da ya miƙe sai ya ƙara da cewa, yana kallon babur ɗinsa, uwar tana da juna biyu, in Allah ya sauke ta lafiya za ta buƙaci hannu, kuma in dai boko ba rabon mutum ba ne, ba amfanin a yi ta jan rai. Malam Sanda ya ce, "Allah ya kai mu girbin baɗi." Kowa ya gane abin da aka ƙulla ba tare da an faɗa ba: in girbi ya zagayo yarinya tana nan jiya i yau, za ta koma Funtuwa reno, ita da makaranta sai dai ta ga ana wucewa.

Da aka koma hutu Malam Sanda ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya riƙe hannun jikarsa har firamaren unguwa. Ginin ba wani abin kallo ba ne, yara sun fi bencina yawa, wasu a tabarma suke zama. Mai ajin ƙanana ita ce Malama Ummukulsum, wata gajeruwar mata mai fara'a da ke zuwa daga Ƙarfi a bayan babur kullum. Ta saurari dattijon har ya gama, ta ce, "Baba, mu nan ƙananan azuzuwa da Hausa muke yi musu komai, lissafi da karatu da sanin muhalli. Turanci darasi ne guda a cikin darussa, muna ba su shi kaɗan-kaɗan kamar gishiri. Amma fa sai ta koma aji ɗaya."

Nan aka sha daru. Raudatu ta ga ta fi duk 'yan ajin tsawo, ta dawo gida tana kuka, ta ce ita ba za ta zauna da masu majina ba. Tasalla ta ce, "Ke da kika zauna da masu safa me kika tsinta?" Kukan ya ƙaru. Malam Sanda ne ya ce, "Bar ta, Hajiya babba ce. Ni ma da za a karɓe ni aji ɗayan zan shiga, kin ga sai ki samu wanda ya fi ki tsawo." Ta dube shi ta ƙiyasta shi a kan ɗan benci da gemu, dariya ta ƙwace mata cikin hawaye.

Duk da haka makonnin farko ba ta buɗe baki a aji ba. Malama ta yi tambaya da Hausa ƙarara, wa ya san abin da kaza ke ci, wa zai faɗi sunan itatuwan unguwarsu, sai a ga hannun Raudatu ya ɗan taso ya koma. Malama ta lura, ta ja ta gefe lokacin tara ta tambaye ta. Ashe a tunanin yarinyar tarko ne. Ta saba duk wanda ya yi Hausa a aji sai ya durƙusa ya ɗaga hannu sama, shi ya sa take jira ta ga ranar da za a kama masu amsawa. Malama ta ce, "Ni da nake tambayar da me nake yi? To in za a durƙusa ni ce ta farko." Da yamma ta biya ta gindin durumi kafin mai babur ya zo, ta ce wa Malam Sanda, "Baba, ni nawa rabi ne. Sauran rabin a gida yake. Kullum a tambaye ta me aka yi yau, a bar ta ta faɗa da bakinta, ko da ta yi ta kwana-kwana."

Malam Sanda ya ce, "In dai zama ne da saurare, Malama, an zo gidan."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan la'asar, in ya zuba wa shanu harawa, sai ya shimfiɗa buzu ya ƙwala kira, "Ina malamar gidan nan? Ɗalibi ya zauna!" Raudatu ta fito tana taƙama da ɗan karan dawa a hannu. Ta share ƙasa da tafin hannu ta zana masa baƙi, ya zana nasa a karkace, ta ce, "Tsoho, wannan ai ƙahon Bahago ne, ba harafi ba!" Ya ce idonsa ne, ta ce kansa ne. Allah ne ya san nawa ne gaskiya nawa ne wasa a cikin rashin ganewarsa, amma duk abin da ya ce bai gane ba sai ta sake bayani, wani lokaci ta kakare, ta ce gobe za ta tambayo Malama. Ta haka tambaya ta shiga bakinta a aji.

Kalmar farko da ta rubuta da kanta, ba wanda ya sa ta, a jikin amalanke ta rubuta ta da gawayi. Malam Sanda ya tarar da zanen ya tambaya, ta ce, "Bahago. Don kada wani sa ya zo ya ce amalankensa ne." Daga nan gidan ya shiga uku. Randa ta samu sunanta a jiki, turmi ya samu nasa, rumbu ma haka. Tasalla ta fito da safe ta ga an yi wa ƙyauren ɗakinta rubutu, ta ce me aka sa, aka ce "Inna mai faɗa." Ta yi ta sababi har maƙwabta suka leƙo, amma har yau ba ta goge ba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Da ruwa ya sauka aiki ya rincaɓe, yara da yawa suka daina zuwa aji, Tasalla ta ce ita ƙafarta ba za ta kai abinci gona ba ga jika a gida. Malam Sanda bai yi musu ba, sai dai daga ranar in zai fita da asuba yakan ɗaura ƙullin furarsa a jikin garma, ya ce shi tuwo da rana nauyi yake sa masa. A tsakiyar damina kuma zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, ta tashi ta manta rabin abin da ta iya, ta ce ita dama an ce ba ta da kai. Kakan ya ce, "Wa ya ce? Kawo shi nan ya gano mana ƙwan zabuwa." Suka sake ɗaukowa daga inda aka zube.

Wata rana, masara ta fara bushe gemu, sai ga Raudatu a guje daga makaranta, ɗankwali a hannu, tun daga nesa tana kiran, "Tsoho! Tsoho! Agwagwa ce!"

"Wace agwagwa? Ta wa ta ɓata?"

"Waƙar nan! Malama ta ce in rera a darasin Turanci, na rera, sai ta fassara mana ɗaya bayan ɗaya. Wata agwagwa ce ta je wanka rafi ta ɓatar da takalminta, take tambayar kowa!"

Malam Sanda ya riƙe gemu. "Agwagwa da takalmi? Shekara biyu kina wannan kiran, ashe cigiya kike yi ba wanda ya taya ki nema. To an gani?"

"Kwaɗo ne ya sa!"

"Na san za a rina. Kwaɗon bana ba shi da amana."

Ta zauna ta nuna masa wace kalma ce agwagwa, wace ce takalmi, wace ce rafi. Ya maimaita, ta ce bakinsa ya yi tsufa.

Girbi ya zagayo. Zaituna ta sauka lafiya, tagwaye, aka sha suna. Ba a daɗe ba sai ga ƙarar babur bayan la'asar. Mannir ya durƙusa a inda ya saba, aka gaisa, aka yi barka da arziki, aka tambayi masu jego. Ba wanda ya ambaci abin da ya kawo shi, amma an ga ya ɗauro ɗan matashi a bayan babur, irin wanda ake sa wa yaro don doguwar tafiya. Raudatu na jin muryarsa ta shige zaure ta maƙale.

Mannir ya ce sarƙar babur ɗinsa ta saki a hanya, bari ya ɗan ɗaure. Ya juya baya ya tsuguna, ya fito da sifana. Malam Sanda ya zuba wa shanu harawa kamar kullum, ya shimfiɗa buzu kamar kullum, ya ƙwala kira, "Ina malamar gidan nan? Ɗalibi ya zauna!"

Can daga cikin zaure aka ce, "Yau ba makaranta."

"Wa ya ba da hutu ban ji ba? In ba za a fito ba a yi mini daga nan, kunnena bai tsufa ba. Jiya an bar ni a tsakiyar labari."

Sai murya ta fara fitowa daga zaure, siririya. Littafin ajinsu take karantawa, labarin wani manomi da gafiya ta dame shi da tonon iri. Ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta koma ta ɗauko ta, ta wuce. Kafin ta kai ƙasan shafi ta manta da wanda ke waje. Ta tsaya ta ce, "Tsoho, ka ji wautarsa? Ya toshe rami ɗaya ya tafi barci. Gafiya fa rami ɗaya take da shi?" Malam Sanda ya ce shi bai sani ba, bai taɓa kwana gidan gafiya ba. Ta ce, "To ni na sani, na gani a bayan rumbunmu." Ta ci gaba.

Ƙarar sifana ta daɗe da tsayawa. Mannir na tsugune, bayansa ga zaure, hannunsa a kan sarƙar da ba abin da ya same ta.

Da labari ya ƙare Malam Sanda ya ce, "Saura cigiyar agwagwa." Ta rera da Turanci, layi-layi, tana tsayawa tana faɗin ma'anarsa da Hausa. Da aka zo kan kwaɗo sai aka ga kafaɗun Mannir suna girgiza. Waƙar nan ya sha jin ta a ɗakinsa, ta bayan labule, bai taɓa sanin akwai kwaɗo a ciki ba. Ya sa hannun riga ya share fuska, wai gumi.

Ya mayar da sifana cikin jaka, ya dawo ya durƙusa. Ya dubi farin bijimin da ke tuƙa a gindin durumi.

"Baba, san nan har yanzu yana ja?"

"Yana ja. Da baki biyu ma."

Mannir ya gyaɗa kai. "To ai sai a bar shi a turkensa." Ya ƙara da cewa, "Ƙanwar mai jegon, Yasmin, ta gama sakandare tana zaune. Zan biya in yi wa iyayenta magana ta zo ta taya reno."

"Allah ya yi albarka," in ji Malam Sanda, yana kallon ƙasa. Mannir ya ce amin, shi ma yana kallon ƙasa. Ya kwance ɗan matashin daga bayan babur ya ajiye a bakin zaure, ya ce ya yi masa nauyi, ya tayar ya tafi.

Ranar kasuwa ta gaba wani direba ya sauke wata 'yar jakar goyo shuɗiya a ƙofar gidan, sabuwa fil, da fensura a aljihunta. Tasalla ta juya ta ta ce, "Ta wa?" Direba ya ce shi dai an ce masa ta gidan nan ce, ba a faɗi suna ba. Tasalla ta ce, "To tunda ba suna tawa ce, in zuba goro." Raudatu ta yi tsalle ta fizge, aka zagaya turmi ana kokawa.

Yanzu tana aji uku. Turancin ya fara zama a bakinta, har takan gyara wa kakanta in ya ce zai gwada. Shi kuwa Malam Sanda ƙarfi ya fara ja baya, ba ya karɓar maruƙa da yawa kamar da, Bahago ma an sauke masa garma, sai amalanke jefi-jefi. Amma in ka bi ta Unguwar Maitama bayan la'asar za ka same su a gindin durumi, tsoho a buzu, yarinya da karan dawa, sa yana tuƙa yana kaɗa kunne. Malam Sanda ya iya rubuta sunansa yanzu, a ƙasa, da yatsa. Malamarsa ta ce har yanzu a karkace yake.